Magani Ko Ƙwaya? Tambaya A Bakin Iyaka

Gabatarwa

Ƴan uwana ɗalibai, ga wata tambaya da nake so mu juya ta tare. Mutum ne ciwo mai tsanani ya kama shi, likita ya rubuta masa maganin kashe zafi mai ƙarfi, irin su tramadol ko mofin. Sai tafiya ta taso masa: zai tsallaka Kano ganin likita, ko zai je umara, ko ya samu gurbin karatu a waje. Maganin da ya saya da kuɗinsa a farmasi a Damagaram, bisa ƙa'ida, yana isa bakin iyaka sai ya zama abin da ake tsare mutum a kansa. Shin adalci ne a ce marar lafiya sai ya wanke kansa kafin ya wuce da maganinsa? In ya san ba shi da abin wanke kan, ya halatta ya ɓoye? Mu kuma da kullum ake danƙa wa saƙo in za mu yi tafiya, me ya hau kanmu?

Ni ɗalibin ilimin harsuna ne, don haka ta ƙofar kalmomi zan shiga. Ra'ayina kuwa zan faɗe shi tun yanzu: hukuma tana da gaskiya da take tambaya. Amma wanda ya yi tambaya, bashi ne a kansa ya sa amsar ta zama abin da talaka zai iya bayarwa. Kafin a biya wannan bashi, mu da muka iya karatu akwai namu rabon aikin.

Abu ɗaya, suna biyu

Ni ɗan Kwaya ne, cikin gundumar Magarya. Tun shekarata ta farko a jami'a abokai suka samu abin tsokana: in na ce ni ɗan Kwaya ne, sai a bushe da dariya, a ce ashe ɗan ƙwaya muka samu a aji. A rubuce ƙugiya ɗaya ce ta raba kalmomin biyu, wadda ke kan harafin ƙ. Wasa ne, amma wasan yana nuna inda kalmar ƙwaya ta kai a bakinmu yau.

Asalinta kalma ce mai tsabta. Ƙwayar gero, ƙwayar ido, goro ƙwaya ɗaya. Da maganin asibiti ya zo a dunƙule ƙanana-ƙanana, Bahaushe ya dube shi ya ce ƙwayar magani. Daga baya kalmar ta yar da rabinta, ta tsaya ita kaɗai, ma'anarta ta ƙuntata kuma ta ɓaci. Yau in aka ce wane yana shan ƙwaya, ba wanda zai ɗauka maganin hawan jini ake nufi. Ita kuwa kalmar magani har gobe alheri take ɗauke da shi: maganin sauro, maganin yunwa, haƙuri maganin zaman duniya.

To ga kafso ɗaya, launi ɗaya, kamfani ɗaya. In tsohuwa mai ciwon daji ta haɗiye shi da dare don ta samu runtsawa, magani ne. In saurayi ya watsa biyar cikin shayi don ya yi ƙodago daga hantsi har la'asar bai ji gajiya ba, ƙwaya ce. Girkawan dauri kalma ɗaya suke da ita ga magani da guba, farmakon, kuma daga ita farmasinmu ta samo suna. Mu mun raba sunan biyu, amma abin da ke cikin kwalin bai rabu ba. Saboda haka tambayar ta koma: wa ke da ikon raɗa masa suna?

A gida likita ne. A bakin iyaka kuwa dokar ƙasar da kake shiga ce, kuma kowace ƙasa da tata. A 1961 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya kan magunguna masu sa maye, da manufa biyu: a hana su bin hanyar banza, a kuma tabbatar marasa lafiya sun same su. Mofin da kodin suna cikin jerin. Tramadol, wanda kamfanin Grünenthal na Jamus ya fitar kasuwa a 1977, ba ya cikin jerin na duniya har yau, sai kowace ƙasa ta yanke nata hukunci. Masar ta tsaurara a kansa a 2012. Indiya, inda ake sarrafa mafi yawan wanda ke shigowa yankinmu, ta sa shi ƙarƙashin dokarta ta miyagun ƙwayoyi a 2018. Najeriya mai ƙarfin miligiram 50 da 100 ta yarda da shi, kuma da takardar likita. Ka ga ke nan, layin da Faransa da Ingila suka ja, suka kafa masa turaku tsakanin 1906 da 1908, wanda ya bar Magarya a nan Babura a can, Dungas a nan Maigatari a can, yana iya sauya sunan abin da ke aljihunka alhali kai ba ka sauya ba.

Abin da jami'in iyaka yake gani

Mu yi wa ɗan duwan da ɗan sanda adalci tukuna. Ba haka kawai suke zargi ba.

Kowa a cikinmu ya san tramol. Mun san shi a tasha, a wurin ƴan kabu-kabu, a gonakin ƙodago, mun ji labarinsa daga waɗanda suka je haƙar zinariya Jado bayan 2014. Wanda ake sayarwa a tebur sau da yawa mai 120 ne, ko 200, ko 225, alhali likitoci ba sa wuce miligiram 400 a yini guda ga babban mutum. Ƙwaya biyu kawai ta mai 225 ta tsallake ƙa'ida. Shi ya sa muke ganin samari suna faɗuwa suna jijjiga kamar masu farfaɗiya.

Alƙaluma ma sun faɗa. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ba da rahoton cewa a 2016, kashi 87 cikin 100 na irin waɗannan magunguna da aka kama a duniya, a Afirka aka kama su. Binciken da aka yi a Najeriya aka fitar a farkon 2019 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 ne suka sha su ba don jinya ba. A watan Mayun 2018 Najeriya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani binciken BBC ya tona yadda ake kwankwaɗarsa. A nan Nijar muna da ofishi na musamman, OCRTIS, don wannan yaƙi.

Jami'in da ke tsaye a rana ba ya da na'urar auna zafin ciwo. Fuska yake gani, da jaka, da katin magani. Mai safara bai taɓa cewa ni mai safara ne ba. In aka ce a bar duk wanda ya ce ba shi da lafiya ya wuce, to an buɗe ƙofa ke nan ga abin da ke cinye ƙannenmu. Wannan hujja ce mai nauyi, kuma duk wanda ya taɓa ganin uwa tana kuka a kan ɗanta da tramol ya lalata ba zai raina ta ba.

Abin da ba ya gani

Amma akwai wani ɓarin da ba a cika kawo alƙalumansa a rediyo ba. Ƙasashenmu da ake cewa ƙwaya ta yi musu yawa, su ne kuma waɗanda maganin kashe zafi ya fi yi wa ƙaranci. Wani kwamitin masana na mujallar likitanci ta The Lancet ya nuna a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci kimanin kashi 1 cikin 100 kawai suke samu na mofin ɗin da ake rarrabawa. Mofin kuwa yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace ƙasa dole ta tanada, kuma ba shi da tsada. Inda babu shi, tramadol ne ya rage wa mai ciwon daji, da wanda aka yi wa aiki, da wanda ya karye, da mai sikila.

Ɗan kawuna sa'ana ne, sikila gare shi tun haihuwa. In ciwon ya tashi, cewa yake kamar ana daka masa ƙashi a turmi. Wata rana ya kama hanyar Kano ganin likita. A wani shinge aka sauke su, aka laluba, aka samu kati biyu na tramadol a aljihunsa. Kwalin ya yar tun a gida don kada ya cika masa aljihu.

"Samari, wannan fa?"

"Magani ne, yallaɓai. Sikila gare ni."

"Kowa haka yake cewa."

Ya fito da ordonans. Da Faransanci take, da rubutun likita irin wanda ko mu da muka yi lakwal sai mun ƙanƙance ido, kuma yadda aka rubuta sunansa a jikinta ya ɗan saɓa da na katin ɗan ƙasa. Ya yi awa uku a zaune. Direba da wasu dattawa cikin fasinja suka yi ta ba da baki, daga ƙarshe aka sake shi, aka riƙe maganin. Daren nan a tasha ciwon ya same shi hannu rabbana.

Maganar da ta tsaya mini a rai ita ce ta jami'in: kowa haka yake cewa. Gaskiya ya faɗa fa. Maƙaryata sun riga sun kashe wa masu gaskiya kalmominsu. "Ba ni da lafiya" ta zama kamar tsohon kuɗin da aka daina karɓa, kana riƙe da shi amma ba ya sayen komai. Wannan ita ce ɓarnar da ba mu cika lissafa wa ƴan safara da mashaya ba: ban da kansu da suka cuta, sun sa an daina yarda da mai ciwo.

A tuna kuma, wanda ya daɗe yana shan irin wannan magani bisa umarnin likita, jikinsa ya saba. In aka yanke masa rana ɗaya, ban da ciwon asali zai sha gumi, da ciwon gaɓoɓi, da rashin barci, da gudawa. Ƙwace magani a hanya ba kamar ƙwace buhun shinkafa ba ne.

Akwai ma waɗanda lamarinsu ya fi wannan wuya. Su ne mutanen da suka faɗa shaye-shaye, suka nemi fita, likita ya ɗora su a kan wani magani kamar metadon, wanda ake sha kullum a ƙarƙashin kulawa don a rabu da wanda ya fi shi illa. A Dakar an buɗe cibiyar irin wannan jinya a ƙarshen 2014. Amma a Rasha, alal misali, metadon haramun ne ko ga likita. Mutumin da ya tuba yake jinya, a wata ƙasa majinyaci ne, a wata mai laifi. Mu kanmu, in muka ji labarinsa, wane suna za mu fara kiransa da shi?

Takarda, bakin mai ciwo

Wani masanin falsafar harshe ɗan Ingila, J. L. Austin, a littafinsa da ya fito a 1962, ya nuna cewa akwai maganganun da aiki suke yi, ba labari suke bayarwa ba. Mu mun san wannan tun kafin mu ji sunansa. Waliyyi ya ce na ba da, wakili ya ce na karɓa, aure ya ɗauru. Liman ya raɗa suna ranar bakwai, jariri ya zama wane. Ordonans ma haka take. Raɗin suna ce: ita ke mai da ƙwaya magani. Sai dai irin wannan magana tana da sharuɗɗa. Dole mai ikon faɗa ne ya faɗa, dole ya faɗa yadda aka tsara, dole kuma mai saurare ya gane ya yarda.

A bakin iyaka sharaɗi na ukun ne ke rushewa. Likitanmu da Faransanci yake rubutu. Jami'in Najeriya Ingilishi ya karanta. Na Jidda Larabci da Ingilishi. Marar lafiya da jami'in Babura suna iya zama Hausawa duka biyu, kakanninsu ma ƙila kasuwa ɗaya suka ci, amma takardar da ke tsakaninsu da harshen da ɗayansu bai iya ba take magana. Ga kuma rikicin suna, wanda mu ƴan Nijar muka fi kowa sani: Ousmane a wannan takarda, Usman a waccan, Mahamadou a nan, Mamane a can, ranar haihuwa kuma "wajen shekara kaza". A wurinmu duk mutum ɗaya ne. A wurin kwamfutar filin jirgi mutum biyu ne.

Duniya ta yi ƙoƙarin rage wannan ruɗani. Tun 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya take fitar da suna guda na bai ɗaya ga kowane sinadarin magani, wanda likitocinmu ke kira DCI, don ko kamfanoni sun sa masa sunaye ɗari, asalin sunan ya zama ɗaya ko'ina. Ƙasashen Turai na yankin Shengen suna da takardar shaida iri ɗaya ga mazaunansu masu tafiya da irin wannan magani, mai aiki na kwana 30. Ƙasashe da yawa ma ƙa'idarsu ke nan, guzurin da bai wuce na wata guda ba, tare da shaidar likita. Saudiyya tana neman takardar likita ko rahoton asibiti na kwanan nan. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta tanadi neman izini ta intanet tun kafin a taso.

Duk wannan daidai ne ga wanda ke da likita, da intanet, da mai fassara. To mutumin ƙauye fa? Wanda likita ya rubuta masa sau ɗaya, takardar ta jiƙe da damina, da maganin ya ƙare ya koma wurin mai tebur saboda farmasi ta yi nisa? Ciwonsa na gaskiya ne, takarda ce ba shi da ita. Babban ɗan safara kuwa, wanda kayansa ke sauka da kwantena a tashoshin ruwan Legas da Kwatano da Lome, takarda ba ta taɓa yi masa wuya ba. Nan ne rashin adalcin yake. Rariyar da aka kafa don ta tace mai gaskiya daga maƙaryaci, sau da yawa mai galihu take tacewa daga marar galihu.

To, a ɓoye ke nan?

Wani zai ce: tunda haka ne, a cusa cikin garin kuka ko a ɗinke a bakin zane, a wuce lafiya. Ai malamai sun ce larura tana halatta abin da aka hana. Na ji wannan magana daga bakin mutanen kirki, kuma na san ba mugunta ke sa su faɗa ba. Amma ban yarda da ita ba.

Ɓoyo shi ma magana ce. Kati biyu a cikin kwalinsu, a saman jaka, cewa suke ga mu nan. Kati biyun nan a cikin ƙullin daddawa cewa suke mai mu ya san laifi yake yi. Ranar da aka gano, babu sauran bayanin da zai shiga kunne, don ka riga ka ba da shaida a kan kanka. A wasu ƙasashe kuma abin da ke biyo baya ya wuce awa uku a rana. Saudiyya tana yanke hukuncin kisa a kan safarar miyagun ƙwayoyi, kuma ta zartar da shi a kan ƴan Afirka ta Yamma.

Sannan malaman da suka ce larura tana halattawa, su ne suka ce ana auna ta gwargwadonta, kuma sai in babu wata ƙofa. Wanda ya san ranar tafiyarsa tun wata biyu, yana iya komawa wurin likita ya karɓi takarda, bai kai ga larura ba, kasala ce ko rashin sani. Rashin sanin kuwa aikinmu ne mu kawar.

Abu na ƙarshe, duk majinyacin da aka kama da ɓoyayyen magani ya ƙara wa jami'i hujjar cewa kowa haka yake. Na bayansa ne zai biya. Haka ma na goro da ake miƙawa a rufe ido. Hannun da ya saba karɓar jaka ɗaya a kan kati biyu, shi ne zai karɓi dubbai a kan kwali ɗari. Ba na ɗora babban laifi a kan wanda ciwo ya ci ƙarfinsa ya yi haka. Wanda bai ɗanɗana ba ya sassauta harshe. Amma uzuri daban, shawara daban. Abin da za a yafe wa mutum ba shi ne abin da za a koya wa jama'a ba.

Saƙo da amana

Nan ne maganar ta fi shafarmu mu matasa. A al'adarmu matafiyi ɗan aike ne. Da an ji za ka Kano, ko Yamai, ko Agadas, ko Makka, sai ƙulle-ƙulle su fara isowa. "Don Allah ɗana, ka kai wa yayarka wannan." Ka ce a buɗe, an ce ka raina manya. Ka ƙi ɗauka, an ce boko ya ɓata ka.

Ga labari biyu da jaridu suka ɗauka. A watan Oktoban 2017 aka kama wata mata ƴar Ingila a filin jirgin Hurgada na Masar da tramadol ƙwaya 290. Ta ce saurayinta ta kawo wa, mai ciwon baya. Ba ita likita ya rubuta wa ba. Kotu ta ɗaure ta shekara uku, sai a Janairun 2019 aka sake ta. Ko da niyyarta taimako ce, doka ƙwayoyin ta ƙirga.

Na biyun ya fi kusa da mu. A Disambar 2018 aka kama wata ɗaliba ƴar Kano a Madina, ta je umara da mahaifiyarta da ƴar uwarta, saboda an samu wata jaka mai tramadol ɗauke da sunanta. Binciken hukumar NDLEA ta Najeriya ya nuna wasu masu aiki a filin jirgin Malam Aminu Kano ne suka maƙala sunanta a jakar da ba tata ba. Ta yi wata huɗu a tsare kafin a sake ta a ƙarshen Afrilun 2019. Wannan ko saƙon ba ta karɓa ba. Ina ga wanda ya karɓa da hannunsa?

Mun saba ɗaukar amana a matsayin nauyin mai ɗauka kawai. Ni a ganina igiya ce mai baki biyu. Mai aike ma amana ce a kansa ya faɗi abin da ke cikin ƙullinsa, kada ya jefa ɗan wani cikin ramin da shi ba zai shiga ba. Wanda ya ba ka abu a rufe ya hana ka buɗewa, shi ya fara saɓa amanar. Saboda haka cewa "Inna, ki yi haƙuri, a kwance in gani, haka dokar hanya take yanzu" ba yanke zumunci ba ne. In ma an kwance aka ga maganin gaskiya ne na majinyacin gaskiya, indai irin mai ƙarfin nan ne, ordonans mutum ɗaya take karewa, wanda sunansa ke jiki. Abin da ya fi, a aika da kuɗi da takardun asibiti, majinyacin ya ga likita a can inda yake. Zai fi wahala, zai fi tsada. Amma gara a ji haushinka na mako guda da a yi ta zaryar kai maka abinci gidan kaso.

Bashin da ke kan hukuma, da wanda ke kanmu

Na ce wanda ya yi tambaya ya sauƙaƙa amsa. Abubuwan ba su fi ƙarfin hukuma ba. Takardar shaida guda, bugaggiya, da Faransanci da Ingilishi, wadda likitan asibitin gunduma zai cike ya buga wa hatimi, za ta raba gardama da yawa tsakanin Magarya da Kano. Jerin magungunan da ake tsarewa a kansu, a karanta shi da Hausa a gidajen rediyon karkara, a liƙa shi a tasha da boko da ajami. A sa shi cikin bitar alhazai da hukumar COHO da kamfanonin jigila ke shiryawa, yadda ake gargaɗi a kan goro. A manyan mashigai a samu ma'aikacin lafiya da za a kira kafin a ƙwace wa mutum magani. Sama da duka, a kawo maganin kashe zafi na halal kusa da mutane. Yuganda ta fara ba da mofin na ruwa mai araha tun 1993, a 2004 kuma ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi, saboda likitoci ba su isa ba. Ƙasa ce mai ƙaramin ƙarfi kamar tamu. In hanyar halal ta yi kusa, mai tebur zai rasa rabin kasuwarsa.

Namu rabon kuwa ba ya jiran kowa. A kowane gida a Kwaya, ko Bande, ko Waca, ko Dogo-Dogo, ɗalibi shi ne mai karanta takarda. In wani naka zai yi tafiya da irin wannan magani, ka raka shi wurin likita tun da sauran lokaci. A rubuta masa takarda mai ɗauke da sunansa daidai da yadda yake a fasfo ko katin ɗan ƙasa, harafi da harafi, da ciwon da ke damunsa, da asalin sunan maganin, da yawan da yake sha a yini, da kwanakin tafiya, da hatimi da kwanan wata. A fassara ta zuwa harshen ƙasar da za shi ko Ingilishi, a yi hoto biyu. Maganin ya zauna cikin kwalinsa, a jakar hannu, kada ya wuce na kwanakin tafiya, kada kuma ya haura na wata guda sai da izini. In jirgi zai hau, a tambayi ofishin jakadanci ko kamfanin jigila tun kafin a yanki tikiti, har da ƙasar da za a yada zango. A filin jirgi ya ƙirga jakunkunan da aka rubuta da sunansa, ya riƙe rasit. In an tambaye shi, ya fito da maganin da kansa kafin a lalubo.

Kammalawa

Na fara da tambaya ko adalci ne marar lafiya ya wanke kansa. Amsata ita ce, tambayarsa ba zalunci ba ce, tunda ɓarnar ƙwaya a fili take. Zaluncin yana shigowa ne lokacin da aka nemi amsa da harshen da ba a koya masa ba, da takardar da ba a kawo kusa da shi ba. Ɓoyo ba ya gyara wannan, ƙara ɓata shi yake. Abin da ke gyarawa shi ne a mayar wa maganar mai ciwo darajarta, kuma wannan aikin masu harshe biyu da uku ne, wato mu.

Akwai kuma gyaran da za mu fara daga bakinmu. In muka ga abokin karatu yana haɗiyar kafso a ɓoye bayan aji, kada mu yi saurin raɗa masa suna. Ƙila mashayi ne mai bukatar a ja shi a jiki, ƙila kuma mai sikila ne da ya gaji da bayani. Hutu na zuwa, kuma bayansa lokacin tafiye-tafiye ne. Kowa ya duba gidansu ya ga wa ke shan magani mai ƙarfi, ya tambaye shi ina takardarsa. In babu, a je a nemo tun kafin mota ta tsaya a shinge. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kai matafiyanmu lafiya.